Daga Moody zuwa Kainji: Nazarin Horon Haɗin Gwiwa na Masu Gyaran Jiragen Super Tucano

A ranar 22 ga Yuli, 2021, jiragen yaƙi shida samfurin A-29 Super Tucano suka sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, bayan tafiyar fiye da mako guda daga Amurka, inda suka yada zango a Kanada da Girinlan da Aisilan da Sifaniya da Aljeriya. Ragowar shidan sun iso kafin shekarar ta ƙare. A wajen bikin shigar da jiragen cikin aiki, wanda aka yi a Abuja ranar 31 ga Agusta, ɓangaren Amurka ya bayyana cewa matuƙa da ma'aikatan gyara 64 na Rundunar Sojin Saman Nijeriya ne suka samu horo a sansanin Moody da ke jihar Jojiya, a hannun Rukuni na 81 na jiragen yaƙin Amurka.

Makonni biyu kafin wannan biki, wato ranar 15 ga Agusta, birnin Kabul ya faɗa hannun Taliban. Rundunar sojin saman Afganistan, wadda ta watse a wannan mako, ita ma tana da Super Tucano, kuma matuƙanta da makanikanta daga wannan Rukuni na 81 ɗin suka fito, domin tun asali saboda su aka sake buɗe shi a 2015. Ƙasashe biyu sun aika mutanensu makaranta ɗaya, sun koyi jirgi ɗaya daga littafi ɗaya, shi ya sa lamarin ya dace a tsaya a duba shi da kyau, a ga abin da horo tare da sojojin wata ƙasa yake iya sa wa a hannun ma'aikacin gyara, da abin da yake bari a wuyan ƙasarsa.

Mu mutanen Bauchi muna da dalilin kula da wannan batu. An ƙulla cinikin jiragen ne a zamanin da Iya Mashal Sadique Abubakar, ɗan asalin Azare, yake shugabantar rundunar, daga 2015 zuwa farkon 2021, kuma a zamaninsa ne aka kafa hedikwatar Rundunar Ayyuka na Musamman ta sojin sama a nan Bauchi. Tun daga lokacin, kakin sojan sama ya zama abin da ake gani kullum a gari, kuma matasa da dama da suka karanci aikin injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko a kwalejin fasaha ta tarayya da ke Gwallameji suna cike takardar neman shiga. Galibinsu tuƙi suke mafarki, alhali kuwa kowace rundunar sojin sama ta fi buƙatar masu riƙe sifana a kan masu riƙe sitiyari, da tazara mai yawa.

Yadda aka yi cinikin

Cinikin ya sha jinkiri. Gwamnatin Obama ta dakatar da shi bayan jirgin sojin saman Nijeriya ya yi kuskuren jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno ranar 17 ga Janairu, 2017. Gwamnatin Trump ta amince da shi a cikin 2017 ɗin, kuma a 2018 gwamnatin Shugaba Buhari ta cire dala miliyan 496 daga asusun rarar kuɗin ɗanyen mai domin biya, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a Majalisar Tarayya saboda an fitar da kuɗin kafin majalisa ta amince. Jirgin ƙirar kamfanin Embraer ne na Barazil, amma an harhaɗa na Nijeriya a birnin Jacksonville na jihar Filorida tare da kamfanin Sierra Nevada. Abin lura shi ne kuɗin bai tsaya kan jirage 12 kawai ba: ya haɗa da horo, da kayan gyara na wasu shekaru, da makamai, da ƙwararrun kamfani da za su zauna tare da jiragen, da kuma gine-gine a mazaunin jiragen, wato sansanin Kainji na jihar Neja, waɗanda injiniyoyin sojan Amurka suka kammala a 2023 a kan kimanin dala miliyan 38.

Abin da ake koya a farfajiyar jirage

Sojin saman Nijeriya ba baƙi ba ne a harkar gyaran jirgi. Makarantarsu ta fasaha da ke Kaduna tana yaye ma'aikata tun shekarun 1970, kuma akwai babbar ma'aikatar gyara a Ikeja. Abin da zama a wuri irin Moody yake ƙarawa shi ne yin aikin a kan sabon jirgi, kafaɗa da kafaɗa da mutanen da suka shafe shekaru a kansa, a ƙarƙashin jadawalin tashi na gaske, inda jirgin da ka sa wa hannu da asuba shi ne ɗan'uwanka zai hau da hantsi.

Ranar aiki a irin wannan sansani tana farawa da wani abu da baƙo zai ɗauka wasa ne. Ma'aikata suna jeruwa sahu ɗaya, manya da ƙanana, kowa kansa a sunkuye, su bi farfajiyar da jirage suke tsayawa taku bayan taku suna tsintar tsakuwa da guntun waya da noti da duk wani abin da ya faɗi. Dalili kuwa shi ne injin jirgi yana zuƙar iska da ƙarfin gaske, farfela kuma tana tayar da duk abin da ke ƙasa, don haka noti guda ya isa ya fasa fiffiken farfela ko ya lalata cikin injin da kuɗinsa ya kai na gidaje masu yawa. Akwatin kayan aiki ma haka yake: an yanke wa kowace sifana da kowane sukudireba gurbinsa a cikin soso mai launi biyu, ta yadda da zarar an buɗe aljihun akwatin, gurbin da babu kowa a cikinsa zai bayyana nan take. Ana ƙirga kayan kafin a fara aiki, a sake ƙirgawa bayan an gama. Idan ƙaramar filaya ɗaya ta ɓace, ba a barin jirgin da aka yi aiki a kansa ya tashi har sai an gano ta ko an tabbatar ba a cikinsa take ba, domin tana iya maƙalewa a tsakanin sandunan da matuƙi yake sarrafa jirgin da su.

Sai kuma takarda, wadda a ganina ita ce zuciyar horon baki ɗaya. Sojin saman Amurka suna da littafi ga kowane jirgi, jerin takardu masu lamba 781, kamar yadda sojin saman Ingila suke da nasu mai lamba 700. A tsarin Amurka, idan ma'aikaci ya ga matsalar da ta sa jirgi bai dace da tashi ba, zai rubuta alamar X da jan biro a littafin, kuma daga wannan lokaci jirgin ya zauna. Ƙaramar matsala da ba ta hana tashi tana da tata alamar, jan layi a karkace, binciken da lokacinsa ya yi ba a yi ba shi ma yana da tasa. Wanda ya yi gyaran ba shi yake goge jar X ba. Wani mai izini na musamman ne zai zo ya duba aikin ya sa hannu. Wannan tsari yana ba ƙaramin soja ikon da ba shi da shi a ko'ina cikin aikin soja, domin kofur yana iya zaunar da jirgin da babban hafsa yake jira, kuma littafin yana bayansa. A al'ummar da ƙarami yake jin nauyin musa wa babba, kamar tamu, wannan darasi ya fi na injin wahalar kamawa, kuma ba ya zama sai manyan hafsoshi da kansu sun nuna cewa suna mutunta jan biron.

Wanda ya saba kai motarsa gareji a cikin gari ya san yadda ake rabuwa da bakanike: ya ɗaure noti da ƙarfin damtsensa har ya ji ya kama, ya ce, “Alhaji, je ka gwada, in ta ba ka matsala ka dawo.” A jirgi babu gefen titi da za a faka. Kowane noti mai muhimmanci yana da adadin ƙarfin da littafi ya ce a ɗaure shi da shi, ana amfani da sifana mai ma'auni, ita kanta sifanar ana kai ta a tantance ma'auninta lokaci-lokaci a manna mata takardar ranar da tantancewar za ta ƙare, sannan a zarga wa notin siririyar waya a murɗe ta yadda girgiza ba za ta kwance shi ba. A nan ne haɗuwar ƙasashe take fito da haɗarin da mutum ba ya gani a gida: littattafan Amurka suna ba da ma'aunin da inci da fam, na Turai da Rasha da Sin kuma da ma'aunin mita. Ma'aikacin da ya shekara goma a kan jirgin Alpha Jet na Turai ko helikwafta Mi-35 ta Rasha, idan ya karanta lamba a wannan ma'auni ya saita sifanarsa a wancan, zai yi kuskuren da ido ba ya gani. Sojin saman Nijeriya suna da jirage daga Amurka da Rasha da Sin da Pakistan da Italiya da Turkiyya da Jamhuriyar Cek, don haka wannan haɗari a cikin gidansu yake kwana.

Super Tucano yana da wasu sassa da suke tsufa ko da jirgin bai motsa ba. Kujerun matuƙa, ƙirar kamfanin Martin-Baker, suna harbo mutum waje da ƙarfin albarushi idan jirgi zai faɗi, kuma kowane ƙunshin albarushin yana da wa'adinsa. Idan ranar ta cika ba a samu sabo ba, jirgi lafiyayye zai zauna. Ma'aikacin kujera da na makamai suna koyon sa fil mai jan ƙyalle a kowane wuri mai haɗari da zarar jirgi ya tsaya, da kuma nuna wa matuƙi fil ɗin a hannu kafin ya tashi, domin ya gani da idonsa cewa an cire.

Ƙurar da Jojiya ba ta da ita

Sansanin Moody yana kusa da garin Valdosta, a ƙasa mai laima da dazuzzuka, kusan daidai da doron teku. Bauchi tana kan tudu da ya kai kimanin mita 600, zafinta a watannin Maris da Afrilu yana kusantar digiri 40, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta shimfiɗa ta a kan arewa gaba ɗaya. Zafi da tudu suna sa iska ta yi sako-sako, injin ya rage ƙarfi, jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga da nauyin da ya saba ɗauka. Wannan lissafi ne da matuƙi yake yi daga jadawali. Ƙura kuwa aikin ma'aikacin gyara ce.

Injin Super Tucano, PT6A ƙirar Pratt & Whitney ta Kanada mai ƙarfin doki 1,600, yana matse iska ta hanyar layukan ƙananan fukafukai da suke juyawa sau dubbai a minti guda. Ƙurar da ta tsallake mashigar iska tana goge gefunan waɗannan fukafukai sannu a hankali, wata kuma ta manne musu ta sauya siffarsu. Sakamakon shi ne injin yana buƙatar ƙarin mai da ƙarin zafi kafin ya ba da ƙarfin da yake bayarwa a da, kuma wannan ƙarin zafi yana cin sassan da wuta take bi. Maganin sananne ne: a riƙa wanke cikin injin da tataccen ruwa, a riƙa zura siririyar kyamara ana duba fukafukan, a riƙa rubuta zafin injin a kowace tafiya domin a ga lokacin da ya fara hawa, a toshe kowace kafa da murfinta da zarar jirgi ya tsaya, a kuma guji goge gilashin matuƙi da busasshen ƙyalle, domin ƙurar tana karce shi. Abin da littafi ba zai iya yankewa daga nesa ba shi ne tazarar da ta dace tsakanin wanki da wanki a watan Janairu a Maiduguri ko Gombe. Wannan sai wanda yake wurin ya tattara bayanai na shekaru ya gano, sannan ya samu ikon gyara jadawalin da hannunsa. Malamin da ya koyar a Jojiya yana iya ba da hanyar tattara bayanan, amma ba shi da amsar, kuma a wannan fanni ma'aikacin da ya daɗe a arewa maso gabas yana da abin da zai koya wa baƙonsa.

Abin da ya faru da abokan karatunsu

Rushewar Afganistan tana da dalilai masu yawa na siyasa da na yaƙi, kuma ba adalci ba ne a ɗora ta a kan makanikai. Duk da haka, ofishin babban mai binciken Amurka kan sake gina Afganistan ya yi gargaɗi tun a farkon 2021 cewa rundunar sojin saman ƙasar ba za ta iya riƙe jiragenta ba idan 'yan kwangilar ƙasashen waje suka tafi. Suka kuwa tafi tare da sojojin Amurka a tsakiyar shekarar. Rahoton ofishin na watan Yuli ya nuna cewa kason helikwaftocin Black Hawk da suke a shirye ya faɗo daga kashi 77 cikin ɗari zuwa kashi 39 a cikin ɗan lokaci, har ta kai ana ba makanikan Afganistan shawarar gyara ta kiran bidiyo daga wata ƙasa.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya fi ba da haske. Tsofaffin helikwaftocin Mi-17 na Rasha, waɗanda 'yan Afganistan suka shafe shekaru da dama suna aiki da su, su ne suke iya gyara mafi yawan matsalolinsu da kansu. Da aka sauya musu su da Black Hawk, sai aka mayar da su 'yan koyo. Horon da suka samu bai kasance marar kyau ba. Gyaran jirgi hawa uku ne: akwai na kullum da ake yi a farfajiya, kamar duba mai da taya da sauya abin da ya lalace, akwai na tsakiya da ake yi a shago, inda ake buɗe na'urar da aka cire a gyara ta, akwai kuma babban garambawul, inda ake wargaza jirgi ko injin gaba ɗaya a sake haɗa shi. Kwas na watanni yana iya kai mutum ga hawa na farko. Na biyu da na uku suna buƙatar shekaru da injuna da izinin kamfani, sannan a bayan duka ukun akwai mai odar kaya da mai ajiye su da mai biyan kuɗinsu, aikin da a Afganistan 'yan kwangila ne suke riƙe da mafi yawansa.

Nijeriya ta taɓa ɗanɗana irin wannan ba tare da wani ya janye ba. Jirage 18 samfurin Jaguar da aka saya daga Ingila a farkon shekarun 1980 sun daina tashi a farkon shekarun 1990, ba don an harbo su ba, sai don kuɗin riƙe su ya gagara, kuma takunkumin da ya biyo bayan rikicin siyasar 1993 da na 1995 ya ƙara toshe hanyar samun kayan gyara daga ƙasashen Yamma. Bambancinta da Afganistan a yau shi ne tana da tsohuwar makarantar fasaha da manyan sajoji da suka ga jirage iri-iri, ita take biyan kuɗin jiragenta, kuma a 2019 ta kammala babban garambawul na jirgin dakon kaya C-130 a Ikeja tare da ƙwararru daga waje, maimakon a kai shi ƙetare. Sai dai kayan gyaran Super Tucano da makamansa masu linzami suna bi ta tsarin sayar da makamai na gwamnatin Amurka, wanda ya zo da sharuɗɗan sa ido kan yadda ake amfani da su. Wanda ya tuna cewa harin Rann ya tsayar da cinikin tun kafin a fara, ya san cewa ana iya tsayar da kayan gyara ta wannan ƙofar.

Abin da atisaye yake gwadawa da abin da yake rufewa

Kwas yana koyar da mutum, atisayen haɗin gwiwa kuma yana gwada runduna a wajen gidanta. Amurka ta fara atisayen Red Flag a sansanin Nellis na jihar Nevada a 1975, Barazil tana shirya CRUZEX tun 2002, inda Super Tucano yake tashi tare da jiragen wasu ƙasashe, a yankinmu kuma akwai Flintlock na dakarun musamman tun 2005, da African Lion da Maroko take karɓa. A 2017 Legas ta karɓi taron horo na African Partnership Flight, wanda ya haɗa sojin saman Amurka da na Nijeriya da na wasu maƙwabta.

Ga ma'aikacin gyara, atisaye yana farawa makonni kafin jirgi ya tashi, lokacin da za a zauna a yanke abin da za a ɗauka. Ba za a iya kwashe sito gaba ɗaya ba, don haka sai an koma littattafan jiragen an ga sassan da suka fi lalacewa, an zaɓi tayoyi nawa da birki nawa da famfon mai nawa za su shiga cikin C-130. Rundunar da ba ta rubuta tarihin lalacewar kayanta da gaskiya ba, a nan asirinta yake tonuwa, domin za ta ɗauki abin da ba ta buƙata ta bar wanda za ta nema a rana ta uku. Bayan an isa, sai tambayoyin da ba a yi a gida su taso. Man da mai masauki yake bayarwa Jet A-1 ne irin na jiragen fasinja, ko JP-8 na soja, wanda shi ma Jet A-1 ne da aka ƙara wa sinadaran hana daskarewar ruwa da tsatsa da tartsatsi? Wa ya ɗebi samfurin man da safe ya duba ko akwai ruwa a ƙasansa? Janaretan da ake tayar da jirgi da shi yana ba da irin wutar da wannan jirgi yake sha, kuma bakin wayarsa ya dace? Idan ma'aikacin wata ƙasa ya taimaka ya sauya taya, wa yake da izinin sa hannu a littafin? Alamun hannu da ake yi wa matuƙi a ƙasa an daidaita su a duniya, amma takardun aiki na maƙwabtanmu da Faransanci suke, kuma ko da Hausa ta haɗa sojan Bauchi da na Damagaram a wajen hira, lambar da ke cikin littafi ita ake bi.

Amfanin wannan wahala ya bayyana a lokutan da ba atisaye ba. A 2013 sojin saman Nijeriya sun kai jiragen Alpha Jet birnin Yamai domin aikin Mali, kuma a Janairun 2017 sun kai jirage da mutum 200 Dakar cikin 'yan kwanaki, lokacin da Yahya Jammeh ya ƙi sauka daga mulkin Gambiya. A irin wannan kira babu lokacin koyon yadda ake haɗa kaya.

Amma atisaye yana da wata ɗabi'a da ya kamata mai karanta sanarwar bayan taro ya sani. Kowace runduna a duniya tana zaɓar jiragenta mafi lafiya ta tura, waɗanda babban bincikensu yake da nisa. Sau da yawa akan cire sassa daga jiragen da suka rage a gida domin a cika akwatin tafiya, kamfani ya turo wakilinsa, mai masauki kuma ya toshe duk wata ɓaraka domin kada baƙo ya ji kunya. Mako biyu ko uku ba su isa injin ya kai wa'adin buɗewa ba, kuma ba su isa a ga tsawon lokacin da oda take ɗauka daga sito zuwa kamfani ta dawo ba. Saboda haka runduna tana iya tashi a duk tafiyar da aka tsara mata a atisaye, alhali rabin jiragenta a gida suna kan jak. Ni a wajena, adadin da ya fi faɗin gaskiya shi ne na jiragen da suke a shirye wata uku bayan an dawo, da kuma yawan ayyukan da ma'aikatan ƙasa suka sa wa hannu ba tare da wakilin kamfani yana tsaye a kansu ba. Haka nan akwai batun riƙe mutanen: sajan da ya samu takardar shaidar aiki a kan injin PT6, wanda dubban jiragen farar hula suke amfani da danginsa, mutum ne da kamfanonin jiragen sama suke nema, kuma idan aka yi masa canjin wurin aiki zuwa ofis ko ya ajiye aiki kafin ya koyar da na bayansa, kuɗin Moody ya tafi tare da shi.

Maƙwabta da wurin atisaye

Nijeriya ba ita kaɗai take da Super Tucano a Afirka ba. Burkina Faso ta karɓi nata a 2011, Muritaniya a 2012, Angola a 2013, Mali kuma a 2018. Na'urorin da ke cikinsu sun bambanta, amma gangar jiki da injin iri ɗaya ne, kuma ma'aikatan Wagadugu da na Bamako sun riga namu sanin abin da ƙurar Sahel take yi wa wannan injin da shekaru. A bisa hankali, su ne abokan atisayen da suka fi dacewa da ma'aikatan Kainji. Siyasa ta rufe wannan hanya a yanzu: Mali da Burkina Faso da Nijar sun fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairu, 2025, Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi a watan Maris na 2025, sojojin Amurka kuma sun bar sansaninsu na Agadas tun 2024. Flintlock, wanda aka yi a Chadi a 2015 da Nijar a 2018, ya koma Gana da Kodebuwa a 2023 da 2024.

Ma'anar wannan ga mai gyara ita ce atisayen yankin yana matsawa zuwa gaɓar teku, inda abokin gaba shi ne laima da gishiri, alhali jiragen suna aikinsu ne a Borno da Yobe da Zamfara. Bauchi da Gombe duk suna da filayen jirgi da suke karɓar manyan jirage, na Durum da na Lawanti, kuma sojin sama suna da sansani a jihohin biyu. Da za a gayyaci ƙasashen da har yanzu ake ɗasawa da su, irin su Chadi da Kamaru da Benin, a yi atisaye a nan a tsakiyar hunturu, masu tsara jadawalin tashi ba za su ji daɗi ba, domin hazo yana rage nisan gani har a soke tafiya, kuma baƙi ba sa son kawo injunansu masu tsada cikin ƙura. To amma injin da ya yi mako uku yana shaƙar iskar Janairu a Durum shi ne za a zura wa kyamara a auna abin da ya ci, ma'aikatan ƙasashe uku ko huɗu su kwatanta littattafansu, a fitar da tazarar wanki da ta bincike da za a rubuta a jadawalin gyara na Kainji kafin hunturu na gaba.